Redonda Ta Tona Asirin Masu Bikin Dashen Itace

Rubutunmu na wannan mako zai yi nisan zango, don za mu tsallaka teku zuwa wani ɗan tsibiri da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba. A yi haƙuri a biyo mu, domin abin da ya faru a can ya ƙaryata wata magana da aka daɗe ana sayar wa duniya, wai duk ƙasar da ta mutu maganinta shi ne a tara jama'a, a kawo 'yan tsirrai cikin baƙar leda, babban baƙo ya durƙusa ya tura ɗaya a rami, a ɗauki hoto, a watse. Mu matsayinmu a fili yake. Duk ƙasar da ta lalace akwai abin da ke lalata ta, kuma wanda bai kawar da wannan abin ba, ko itace miliyan ya dasa, shuka ya yi a idon makwarwa.

Sunan tsibirin Redonda. Yana cikin tekun Karibiyan, tsakanin tsibiran Nevis da Montserrat, kuma mallakin ƙasar Antiguwa da Barbuda ne. Tsawonsa kimanin kilomita 1.6, faɗinsa wajen rabin kilomita, amma dutse ne miƙaƙƙe da ya taso daga cikin ruwa har kusan mita 300. Kolumbos ne ya raɗa masa suna a 1493 lokacin da jirginsa ya gifta ta gefensa. Yau ba mai zama a kansa, ba rijiya, ba rafi.

Tun fil azal wurin masaukin tsuntsayen teku ne. A nan suke kwana, a nan suke ƙyanƙyasa, kashinsu kuma ya yi ta taruwa har ya zama taki mai tsada. Wannan takin ne ya jawo wa tsibirin baƙi. Daga shekarun 1860 aka shiga haƙarsa tare da dutsen fosfet ana lodawa a jiragen ruwa, yawancin leburorin kuma daga Montserrat ake kawo su. A 1901 mutum 120 ne ke zaune a kan dutsen. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 sai harkar ta durƙushe, mutane suka kwashe nasu ya nasu suka tafi. Sai dai sun bar baya da ƙura. Awakin da ɗan Adam ya kai tsibirin suka zama na daji, baƙaƙen ɓerayen da suka biyo jiragen ruwa kuma suka samu gari ba mai tsawata musu.

Kowa a cikinmu ya san halin akuya, ya san halin ɓera, don haka ba sai an yi dogon bayani ba. Duk tsiron da ya leƙo, akuya ta tsinke shi. Duk irin da ya faɗi ƙasa, ɓera ya cinye shi kafin ya tsira. Ɓeran bai tsaya nan ba, yana fasa ƙwan tsuntsu, yana cin ɗan tsako, yana farautar ƙadangaru. Tsofaffin itatuwa suna mutuwa ba masu maye gurbinsu. Da saiwa ta ƙare, ba abin da ke riƙe ƙasa, sai ruwan sama ya riƙa wanke ta yana zubarwa a teku, laka tana binne murjanin da kifaye ke rayuwa a cikinsa. Tsuntsayen da ke sheƙa a kan itace suka rasa wurin sheƙa. Daga ƙarshe su kansu awakin yunwa ta fara kashe su, domin sun cinye gonar da ke ciyar da su. Waɗanda suka je wurin a wancan lokaci sun tarar da gawarwakin awaki a yashe a kan tsandaurin dutse.

To, a ce mu aka ba wa wannan tsibiri mu gyara, da me za mu fara? Mu faɗa wa kanmu gaskiya: da kwamitin dashen itace za mu fara. A buga riguna da huluna, a yi odar tsirrai dubu goma, a gayyaci 'yan jarida. Awakin kuwa da sun yi mana godiya, don mun kawo musu abinci har gida.

Mutanen Antiguwa ba haka suka yi ba. A 2016 wata ƙungiyar 'yan ƙasa mai kula da muhalli da ake kira EAG ta haɗa kai da sashen muhalli na gwamnatinsu da wasu ƙungiyoyin waje, cikinsu har da Fauna & Flora International, suka yi wa kansu tambaya guda: me ke kashe wannan wuri? Amsar ita ce awaki kimanin 60 da ɓeraye kimanin 6,000. Sai suka tunkari waɗannan biyun. Awakin an kama su da rai, aka ɗauke su a jirgi mai saukar ungulu zuwa Antiguwa. Ɓerayen kuwa shinkafar ɓera aka bi su da ita lungu-lungu. Ma'aikata suka kafa tanti suka yi makonni a kan dutsen, gwanayen hawan dutse suka riƙa sauka da igiya a jikin gangare suna ajiye maganin a wuraren da ƙafa ba ta kai wa, saboda an san in aka bar ɓera mace guda mai ciki, aikin ya zama na baban giwa. A 2017 aka gama kwashewa, a 2018 aka tabbatar ba sauran ɓera.

Ga abin da ya biyo baya. Cikin 'yan shekaru, nau'in tsirran da ake samu a tsibirin ya tashi daga 17 zuwa 88. Nau'in tsuntsayen tudu ya tashi daga 9 zuwa 23. Akwai wani baƙin ƙadangare da ba a samunsa ko'ina a faɗin duniya sai a kan wannan dutse, zuwa 2023 yawansa ya ninka sau 13. Itatuwan ɓaure suka dawo, ciyawa ta rufe gangare, dutsen da ake hange fari fat daga teku ya koma kore. A watan Satumba na 2023 gwamnatin ƙasar ta ayyana tsibirin da ruwan da ke kewaye da shi, kimanin hekta 30,000, a matsayin keɓaɓɓen wuri mai kariya. Duk wannan kuma ba a dasa ko itace ɗaya ba, ba a kawo ko tsuntsu ɗaya daga waje ba.

Daga ina tsirran suka fito? Wasu irin suna kwance cikin ƙasa, wasu suna maƙale a tsagar dutsen da akuya ba ta iya kaiwa, wasu iska ta kawo, wasu kuma suka zo cikin kashin tsuntsaye. Ashe ƙasar ba ta mutu ba, danne ta aka yi. Shekara ɗari tana tsirowa ana cinyewa. Ranar da aka ɗauke bakin da ke ci, ta tashi da kanta.

Tambayar da ya kamata mu yi ita ce, tunda hanyar nan tana aiki, me ya sa ba ita ake yi wa ganga ba? Dalilin ba boyayye ba ne. Dashen itace yana da lissafi mai daɗin faɗa: mun dasa dubu hamsin, mun dasa miliyan. Yana da kwangila, yana da ranar biki, yana da hoto. Kawar da maɓarnaci kuwa ba ya da ko ɗaya. Wa zai sa babbar riga ya je a ɗauke shi hoto yana zuba maganin ɓera a kogon dutse? Wa zai rubuta a rahotonsa cewa babban aikin da ya yi bana shi ne hana akuya shiga wani fili? Shi ya sa ake ƙirga tsiron da aka sa a rami, ba a komawa bayan shekara uku a ƙirga wanda ya rayu. Wanda ke auna aikin muhalli da yawan ramukan da aka haƙa, kamar mai auna ilimin yara ne da yawan kujerun da aka saya.

Masu adawa da irin aikin Redonda suna da hujjojinsu, kuma ba za mu kauce musu ba.

Na farko su ne masu tausayi. Suna cewa ɓera ma rai ne, wa ya ba ɗan Adam ikon hallaka dubu shida don ya ceci ƙadangare? Muna girmama tausayi, addininmu ya hore mu da shi, har ya tsoratar da mu kan azabtar da kyanwa. Amma addinin nan dai shi ne ya sa ɓera cikin 'yan dabbobin da aka halatta kashewa ko a cikin harami, saboda ɓarnarsa. Sannan mai tausayin ɓera ya sani cewa ƙin ɗaukar mataki ma zaɓi ne, kuma shi ma yana da gawarwakinsa. A tsibirin Gough da ke kudancin tekun Atilantika, ƙananan ɓerayen da jiragen ruwa suka kai suna cin 'ya'yan manyan tsuntsayen teku da ransu, suna gaigayar naman ɗan tsako yana zaune a sheƙarsa, domin irin waɗannan tsuntsaye ba su taɓa sanin maƙiyi mai ƙafa huɗu ba, ba su san gudu ba. Wannan yana faruwa kowace shekara. Wanda ya ce a ƙyale ɓera, ya amince a ci gaba da wannan ke nan, illa dai shi ba ya wurin balle ya gani. Kuma baƙin ɓera yana nan cike da duniya, har cikin rumbunanmu. Ƙadangaren Redonda kuwa in ya ƙare a kan wannan dutse, ya ƙare har abada. A duba ma yadda aka yi da awakin. Da yake akwai hanyar fitar da su da rai, ita aka bi, aka cece su daga yunwar da ke kashe su. Inda tausayi zai yiwu an yi shi.

Akwai wani abin da masu tausayin ke mantawa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɓera bai yi iyo ya je Redonda ba, akuya ba ta yi fiffike ba. Mutum ne ya kai su, ya kwashi takin da ya je nema, ya tafi ya bar su. Saboda haka masu cewa a bar halitta ta yi yadda ta ga dama sun makara da shekara ɗari da hamsin. An riga an sa hannu. Wanda ya ɓata, a wuyansa gyara yake.

Na biyu su ne masu cewa irin wannan shisshigi yana iya jawo abin da ya fi muni. Wannan gaskiya ce, kuma akwai misali. Tsibirin Macquarie na ƙasar Ostareliya yana can kudu mai nisa, wajen yankin ƙanƙara. Mafarautan teku sun kai masa kyanwoyi da zomaye da ɓeraye tun ƙarni na 19. Da aka ga kyanwoyin suna hallaka tsuntsaye sai aka bi su, aka kashe ta ƙarshe a shekara ta 2000. Zomayen da kyanwoyin ke ragewa, waɗanda kuma cutar da aka sa musu tun 1978 ta fara rage ƙarfi a kansu, sai suka yi ambaliya har suka haura 100,000, suka aske tsibirin, gangare ya riƙa zaftarewa. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Amma me wannan ke koyarwa? Cewa kada a taɓa? A'a, cewa kada a yi rabin aiki. A 2007 gwamnatin Ostareliya da ta jihar Tasmaniya suka ware kusan dalar ƙasarsu miliyan 25 don a kawar da zomaye da ɓeraye gaba ɗaya a lokaci guda. Aka watsa magani ta sama, aka bi da mafarauta da karnuka na shekaru, a 2014 aka tabbatar tsibirin ya tsarkaka, ciyawa da tsuntsaye suka fara dawowa. Ba za mu ɓoye ba, maganin ya kashe wasu tsuntsayen da ba su aka nufa ba. A Gough ma an gwada a 2021, amma kafin shekarar ta ƙare kyamara ta ɗauko ɓera da rai. Aikin yana da tsada, yana da haɗari, yana iya faɗuwa. Wannan dalili ne na a yi shi da ilimi da lissafi, kamar yadda aka yi a Redonda inda aka cire akuya da ɓera tare. Likita ya taɓa kuskuren tiyata bai sa an rufe asibiti ba.

Na uku za su ce, to ku yanzu kuna nufin dashen itace ba shi da amfani? Ba mu ce haka ba. Akwai wurin da ɓarna ta yi nisa har iri ya ƙare a ƙasa, ko ciyawa ta yi kaurin da ɗan itace ba zai iya ketowa ba. Tsibirin Tiritiri Matangi da ke kusa da birnin Auckland a New Zealand haka ya kasance bayan fiye da shekara ɗari ana noma da kiwo a kansa. Tsakanin 1984 da 1994 'yan sa-kai suka dasa itatuwa kimanin 280,000, yau kuma wurin daji ne mai cike da tsuntsayen da suka kusa ɓacewa. Amma a lura da jerin aikin. An daina kiwo a tsibirin tun shekarun 1970, aka jira aka ga dajin bai dawo da saurin da ake so ba, sannan aka dasa, a 1993 kuma aka kawar da ɓeraye. Dashe ya zo ne bayan an fitar da dabbobin kiwo, kuma bayan an tabbatar ana buƙatarsa. Rigimarmu da masu fara gini daga rufi ce.

Na huɗu su ne waɗanda muka fi jin muryarsu a nan gida: mutane na fama da yunwa, ku kuna zancen ƙadangare. Wannan magana tana da daɗin faɗa, amma a bi ta a hankali. Ƙasar da ke zaftarewa daga Redonda a kan murjani take sauka, murjani kuma shi ne gidan kifi, kifi kuma shi ne abincin masunta da sana'arsu. Shi ya sa kariyar da aka ayyana a 2023 ba ta tsaya kan dutsen ba, ta haɗa da teku. Sannan Antiguwa da Barbuda ƙaramar ƙasa ce, jama'arta ba su fi na wata ƙaramar hukuma tamu ba, kuma 'ya'yanta ne, cikinsu har da matasa mata, suka ja ragamar aikin. Ba su ce sai sun gama da talauci za su waiwayi abin da Allah ya ba su amana ba. Yunwar da ake fakewa da ita ma, sau da yawa daga mutuwar ƙasa take farawa. Awakin Redonda shaida ne: su suka fara cin tsibirin, su kuma yunwa ta fara kamawa.

Kada wani ya ɗauka wannan hikima ce ta tsibirai kaɗai. Maƙwabtanmu na Maradi sun riga mu ganinta. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta dasa itatuwa a can suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan kurmin da ke tsirowa a gonaki, waɗanda ake sassabewa kowace shekara, tohon kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Abin da ake buƙata kawai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi, a rage sauran, a kare su daga gatari da wuta da bakin dabba. Manoma suka karɓi abin, suka kira shi sassabin zamani, ya bazu a yankunan Maradi da Damagaram. Ƙiyasin da aka yi ya nuna kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200, gawo na cikin waɗanda suka fi yawa. Ba gandun renon tsirrai, ba tankar ban ruwa. Darasin ɗaya ne da na Redonda: rai yana nan a ƙasa, a ɗauke abin da ke danne shi.

A nan sai mu yi hattara, don kada a juya mana magana. Ba mu ce a kwashe awakin ƙasar Hausa ba. Awakin Redonda ba su da mai su, kuma tsirran tsibirin ba su taɓa zama da dabba mai kiwo ba kafin mutum ya kai ta. Akuyarmu kuwa bankin uwa ce a ƙauye, ita ce kuɗin magani da kayan ɗakin 'ya. Tsibiri kuma teku ya kewaye shi, in ka fitar da ɓera ya fita, mu kuwa filinmu a buɗe yake ta kowace kusurwa. Abin da za mu ɗauka daga Redonda shi ne tsarin tambaya. Kafin a haƙa rami, a tambaya me ya kashe itatuwan da ke nan a da. In gatarin mai neman itacen girki ne, a nemo masa abin da zai dafa abinci da shi. In dabbobi ne, a zauna da masu su a yi yarjejeniyar wurin da za a keɓe da lokacin da za a buɗe. In wutar daji ce, a san masu cinna ta. Wanda ya tsallake wannan ya tafi kai tsaye ga leda da shebur, ko dai bai san aikin ba, ko kuma ba itacen ne ya dame shi ba.

Abu na ƙarshe da Redonda ke koya mana shi ne aikin ba ya ƙarewa ranar da aka yi shela. Har yau masu kula da tsibirin suna bincika kayan duk wanda zai taka shi, suna komawa suna duba ko ɓera ya sake shiga, domin kwale-kwale guda da ɓera a cikinsa ya isa ya mayar da hannun agogo baya. Rigakafi ya fi magani, kuma ya fi shi araha nesa ba kusa ba. Wannan tsaro na kullum shi ne ɓangaren da ba a yi masa waƙa, shi ne kuma ke riƙe da duk sauran.

Don haka 'yan uwa marubuta da masu karatu, mu da alƙalami ke hannunmu, akwai abin da za mu iya. Duk lokacin da aka zo mana da labarin an dasa itace dubu kaza, kada mu yi saurin tafi. Mu tambaya: na bara guda nawa suka rayu? Wa ke tsaronsu? Me ya cinye na bara waccan, kuma an kawar da shi? In an ba da amsa, mu yaba, mu ma mu ɗauki shebur. In an yi shiru, mu rubuta cewa an yi shiru. Ɗan dutsen da bai kai kilomita 2 ba ya nuna cewa ƙasa ba ta da rowa, ita dai a ɗauke mata abin da ke cin ta.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman na waɗanda ba su yarda da mu ba. Allah ya sa mu dace, ya ba mu ikon riƙe amanar da ya ɗora mana.